Ledar da Ke Gonar Kumai

Duk wanda ya saba sammakon shiga kasuwar Kafanchan a shekarun bayan yaƙi ya san Afiniki, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai tsintsiyar kwakwa biyu ɗaure wuri guda, wadda kafin jirgin safe ya yi kuka ta riga ta share layin masu alale ta gangara na 'yan goro. Ba ta da yawan magana. Amma ka kuskura ka taka inda ta tara shara, za ka ji bakinta har ka yi mamakin inda ɗan jikin nan ya ajiye irin wannan murya. Mutane suna ɗauka tsabar son aiki ne, ba su san dukiyarta suke takawa ba.

Albashin mai shara dai ba abin faɗa ba ne a gaban jama'a. Abin da ya riƙe masu shara a aikin wata tsohuwar al'ada ce tun zamanin En'e: sharar layi ta wadda ta share layin ce. Ganyen alale, ganyen da 'yan goro ke yarwa in sun kwance huhu, ɓawon rake da na gyaɗa, tokar masu tuya, kashin awaki, duk na Afiniki ne. Da hantsi sai ta cika babban daro, ta ɗora a ka, ta bi hanyar Kagoro zuwa gonar mijinta, ta juye. Haka kullum, rani da damina, ban da Lahadi.

Mijin nata Kumai leburan reluwe ne, mai gyaran layin dogo. Ciwon ciki ya ɗauke shi a shekarar da aka gama yaƙi. Ɗansu guda ne, Silvanus, shi kuwa ya shiga soja aka tura shi can kudu, sai dai a ji labarinsa a bakin masu saukowa daga jirgi. A wurinsu mace ba ta gadon ƙasa. Da aka share makoki dattawan gida suka zauna suka yanke magana: gonar ta Silvanus ce, uwarsa za ta riƙe masa muddin fartanyarta na cikinta. Ranar da ta bar gonar ta kwanta ba noma, sai ta koma hannun Meshak, ƙanen marigayin.

Kada a ɗauki alhakin Meshak, ba mugu ba ne. Mutum ne mai 'ya'ya cike da ɗaki, gonarsa kuma 'yar mitsitsiya ce a kan tsakuwa. Sai dai mai jin yunwa ko bai yi niyya ba idonsa na kan tukunya. Kowace Lahadi in an fito daga sujada sai ya tare ta a bakin majami'a ya cire hula.

"Maman Silvanus, ina kwana. Yaya gona?"

"Gona yana nan, baban yara. Mun gode Ubangiji."

Gaisuwa ce kawai, amma Afiniki takan ji ta har cikin ƙashinta.

Citta take nomawa, kuma duk wanda ya san citta ya san tana son lulluɓi. In an binne iri da ruwan farko sai a rufe kunya da ciyawa da ganye, don kada rana ta ƙone shi kafin ya tsiro. Maƙwabtanta sai sun shiga daji sun yanko ciyawa, su dawo da ƙaiƙayi a wuya. Ita kuwa kasuwa guda ke yi mata aiki. Kafin a haƙe citta lulluɓin ya ruɓe, sai ta sa garma ta juya shi cikin ƙasa. Ƙasar gonar Kumai ta yi baƙi ƙirin, ta yi laushi kamar gari, cittarta kuwa in ta tsaga ta shanya a kan falalen dutse, masu saye daga nesa suke nuna ta. A lokacin ko Meshak ba ya iya cewa komai, sai dai ya tsaya a gefe ya kaɗa kai.

Leda ta shigo gari a shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da ya haukata kasuwa. Da burodi ta fara zuwa, wani burodi da ake saukewa daga jirgi mai hoton jan zakara a jikin ledarsa. Da farko abin marmari ce. Mata kan wanke ta su shanya a igiya tare da zannuwa, Afiniki ma a cikin guda ta adana katin baftismarta. Ba a jima ba sai ta yi araha. Gishiri ya koma leda, sukari ya koma leda, har Raliya mai alale, wadda tun kakarta a ganye suke ƙullawa, ta wayi gari da leda a faifai.

Su biyun sun daɗe tare, don rumfar Raliya ce Afiniki ke fara sharewa. Ran nan ta ɗaga wata leda a bakin tsintsiya ta juya ta.

"Raliya, ina ganye? Kin kashe mini taki."

"Ke dai bari, Afiniki. Ganye wahala ne, sai na aika daji, sai na wanke, sai na yanke. Wannan kuwa ƙullawa kawai."

"To shi wannan abu yana ruɓa?"

Raliya ta yi dariya har ta saki ludayi. "Me ya taɓa shiga ƙasa bai ruɓe ba? Mu ma nan da muke tafiya da ƙafa biyu."

Maganar ta zauna wa Afiniki daram, don ita ma abin da ta sani ke nan. Tun tasowarta ba ta taɓa ganin abin da aka kwaso daga kasuwa ƙasa ta ƙi ci ba. Ƙashi ma ƙasa na ci, gwangwani ma in ya daɗe tsatsa ke cinye shi. Sai ta ci gaba da kwasa kamar yadda ta saba, ganye da leda a haɗe. Da ta ɗaga wata leda a kan kunya ta ga ƙarƙashinta da danshi alhali rana na dukan ko'ina, har daɗi ta ji, ta ce ashe Turawa ma sun san lulluɓin citta. Da kaka ta sa garma ta juya komai ciki. Ta sake yin haka a shekara mai zuwa, da wadda ta biyo bayanta. Citta ta fara ƙanƙancewa, yatsunta na fitowa a murɗe, amma shekarun ruwa bai yi kirki ba, sai ta ɗora wa ruwa laifi.

A cikin gari kuwa abin ya fara damun kowa. Kwatoci suka toshe, ruwan sama ya riƙa shiga shaguna. Mahauta suka riƙa yanka akuya su tarar da tumbinta cunkushe da leda. Daidai lokacin aka rushe En'e aka kafa sababbin ƙananan hukumomi, kuma sabon ofis ba ya rasa abin da zai nuna yana aiki. Aka yi ta zama da wani kamfani na Kaduna mai yin bokitin roba da silifas, har aka daidaita: hukuma za ta tara leda, kamfani zai aiko mota ya kwashe, ya narka ya yi kaya da ita. Shawara ce mai kyau, har yau ban ga aibinta ba. Abu guda aka manta a yi tunani a kai, wato inda za a ajiye ledar kafin motar ta zo.

Malam Bartholomew duba-gari shi ne shugaban masu shara, kuma dattijo ne a ikilisiyar su Afiniki, shi ke ɗaga waƙa ranar Lahadi. Ya same ta a layin 'yan goro sanye da kakinsa, ya gaishe ta da girmamawa fiye da kullum. Wannan kaɗai ya isa ya sa ta tsargu.

"Mama, taimako muke so. Gonanki yana bakin titi, mota zai iya tsayawa. Kuma dama can kike kai shara. Bari mu ajiye leda a wurin, na ɗan lokaci ne kawai. Yanzu rani ne, ba komai a gona. Kafin ruwa ya sauko kamfani ya kwashe."

"Malam, gona ba nawa ba ne. Na yaro ne nake riƙe."

"Na sani, Mama. Baƙo ne za ki sauke, ba mai gida ba."

An ce baƙo raɓa ne. Ta so ta ce a'a, amma yaya za ka ce a'a ga mutumin da tsintsiyarka ke hannunsa ranar Litinin, kuma shi ke miƙa maka jibin Ubangiji ranar Lahadi? Ta ce to.

Abin da ba ta gane ba shi ne, ba ledar layinta kaɗai ake nufi ba. Ta kasuwa duka, da ta tasha, da ta unguwanni, duk aka riƙa turowa a amalanke. Kafin Kirsimeti tsibi ya kai ƙugu, kafin Ista ya fi tsayin mutum, ya bazu ya cinye gonar sai ɗan gefe. Aka kafa allo a bakin titi da jan fenti, wai kayan hukuma da kamfani ne, kada a taɓa. In iska ta taso sai ledoji su tashi su maƙale a ƙayoyi da rassan ɗorawa, maƙwabta su riƙa zagin mai gona.

Motar ta zo, ba a ce ba ta zo ba. Wata rana gab da damina ta tsaya, wani mutum mai farar riga ya sauko ya zagaya tsibin yana toshe hanci. Ya sa sanda ya tona, ya ciro leda mai manja, ya ciro mai ƙasa, ya ciro wadda alale ya bushe a ciki. Ya ce injinsu ba ya cin mai datti, sai wankakkiya busasshiya. Yaran mota suka tsinci ta sama-sama wadda rana da iska suka kakkaɓe, ko rabin mota ba ta cika ba. Ya ce a wanke sauran, za su dawo.

Afiniki ta ɗauki maganar da gaske, don ba ta da wata. In ta tashi daga kasuwa sai ta cika daro da leda ta gangara rafi, ta wanke ɗaya-ɗaya kamar kayan jariri, ta shanya ta danne da duwatsu. Hannuwanta suka tsattsage. Abin da ta wanke a yini, amalanke guda ke mayar da ninkinsa kafin la'asar. Ruwan farko ya sauka, na biyu ya bi, maƙwabta suka binne iri suka lulluɓe, ita tana rafi. A ɗan gefen da ya rage ta soka 'yar citta, don dai a ce fartanyarta na cikin gonar. Motar ba ta dawo ba. Aka ce injin ya lalace, ana jiran wani ƙarfe daga ƙasar waje.

Ta je ofis ta sami Malam Bartholomew, ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi masa ba.

"Malam, bari na sa wuta."

"Kai, Mama, kada ki fara! An sa hannu a takarda. Kaya na kamfani ne yanzu. In kin ƙone, aiki ya tafi, kuma kotu ne."

"To a kwashe a kai wani wuri."

"Wane wuri? Na kai magana gaban kansila, sun ce a tambayi kamfani. Na aika Kaduna, sun ce kaya yana hannun hukuma sai sun zo. Wa zai yarda a kai masa wannan abu a gona?"

Yana faɗa ya ji abin da ya faɗa, ya sunkuyar da kai. Shi ma ba shi da mafita, ta gani a fuskarsa, kuma wannan ya fi ba ta tsoro fiye da a ce mugunta yake yi mata. Mugu ana iya roƙonsa. Ta fito daga ofis tana lissafin hanyoyinta, kowace a toshe. In ta ƙone, ta rasa aiki. In ta bar aikin, ledar na nan. In ta yi shiru, Meshak na nan. Abin baƙin cikin ma, kowace safiya ita da kanta ke share leda a kasuwa, ta ɗora a ka, ta kai ta juye a kan gonar da take kuka a kai, don nan ne wurin da hukuma ta ce a kai. Gaba kura, baya sayaki.

Damina ta wuce, rani ya sake zagayowa. Irin cittar da ta adana a rami a bayan ɗaki ya fara motsewa. Bayan Sabuwar Shekara dattawan gida suka kira ta. Ba su yi faɗa ba. Babbansu ya ce sun ga ƙoƙarinta, amma 'yan kunyoyi a gefen bola ba noma ba ne, kuma ga 'ya'yan Meshak suna kwana da yunwa alhali ƙasar gidansu na kwance. In ruwan bana ya sauka gonar ba ta sha garma ba, magana ta koma yadda aka yanke tun farko. Meshak na zaune a gefe yana kallon ƙasa.

Ranar Lahadi Afiniki ta tashi a taron zumuntar mata ta faɗi damuwarta, kuka ya hana ta ƙarasawa. Matan nan kuwa ba su san wata takarda ba. Suka tasa Malam Bartholomew gaba a bakin majami'a, suka tambaye shi ko takardar ta ce a tsakiyar gona za a ajiye kayan. Ya yi tunani ya ce a'a, ta ce a gonar dai. Suka ce to gefe ma gona ne. Washegari suka fito da daruka da kwanduna, har Raliya ta rufe rumfa ta biyo su, tana cewa rabin ledar nan ai tata ce. Suka yi ta jida suna waƙoƙin sujada, ƙudaje na binsu, wari na hawa kai, suka tura tsibin can ƙarshen gona wajen kwazazzabo, suka danne da duwatsu. Aikin ya ci kwanaki. Da aka gama, Afiniki ta tsaya ta ga ƙasar Kumai a fili, ta yi ta godiya har muryarta ta dushe. A daren ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Alhamis. Da ta tashi daga kasuwa ranar Juma'a ta saɓi garma ta nufi gona. Tun daga titi ta lura ruwan bai shige ba, yana kwance a kan gonar tabki-tabki, alhali na maƙwabta ya tsotse. Ta ce ko nauyin tsibin ne ya danne ƙasar. Ta ɗaga garma ta kafta. Garmar ta shiga da wani irin taushi, ta fito da leda naɗe a bakinta. Ta cire ta yar, ta sake kaftawa, ta sake fitowa da wata. Ta matsa gaba, haka. Ta koma tsakiya ta haƙa rami har gwiwa, zurfin da ledar hukuma ba ta taɓa kaiwa ba, sai ga ledoji shimfiɗe hawa-hawa, ƙasa kaɗan leda, ƙasa kaɗan leda, da busassun saiwoyin citta da suka zo suka tokare suka lanƙwashe. Daga can ƙasan ramin ta jawo wata ta goge da babban yatsa. Jan zakaran nan ne na burodin jirgi, launinsa ko dushewa bai yi ba.

Tana tsugune da ita a hannu Meshak ya iso. Dattawa ne suka aiko shi ya ga ko an sa garma. Ya gaishe ta, ya dubi ramin, ya dubi abin da ta tara a gefe. Ya karɓi garmar. Manomi ne na gaske, ba a wuri guda ya gwada ba. Ya kafta a gabas, ya kafta wajen ɗorawa, ya je inda Kumai kan fara kunya ya haƙa da zurfi. Ko'ina abu guda garmar ke fitarwa. Ya durƙusa ya dunƙula ƙasar a hannu ya shinshina, ya watsar, ya goge hannu a wando.

"Mutanen ofis sun kashe gonan nan," in ji shi.

Afiniki ta dubi jan zakaran da ke hannunta, wanda ita da kanta ta binne da garmarta.

Ya jingina garmar a jikin ɗorawa ya sa hularsa. "Maman Silvanus, ki riƙe gona. Zan gaya wa dattawa kin sa garma, na gani da idona. Ba zan sake tada maganan nan ba."

Shekara da shekaru ke nan tana roƙon Ubangiji ya sa ta ji wannan magana daga bakin Meshak. Ga ta ta ji, kuma ba ta taɓa jin abin da ya yi mata ciwo kamarta ba. Ya juya ya kama hanya, har ya kusa titi ta miƙe ta ɗaga murya, muryar nan da 'yan kasuwa suka sani.

"Baban yara! Ka ɗauki rabi mana. Mu gyara tare, ka noma wa yara."

Ya tsaya, amma bai dawo ba.

"A'a, Mama. Na Silvanus ne. Ki ajiye masa."

Ta bi shi da kallo har ya sha kwana. Sannan ta jawo daro ta tsuguna a bakin ramin, ta fara zare ledar daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, wata ta fito ɗungum, wata ta yage ta bar rabi a ciki. Kafin rana ta yi sanyi daron ya cika, wurin da ta tsabtace kuwa bai fi shimfiɗar tabarma ba. Ta ɗora a ka ta kai ƙarshen gona ta juye a kan tsibin hukuma, don ba ta da wani wurin kaiwa. Tana juyowa ta hangi amalanken tasha ya tsaya a bakin titi, mai turawa yana ɗaga mata hannu yana tambaya a ina zai zuba ta yau.